Kuɓewar da Take Turo Min

Litinin, 7 ga Oktoba

An ɗora matata, Malama, a sikeli yau a asibiti. Ta ƙara raguwa. Likita ta juyo min da allon kwamfutarta tana nuna min wani layi da ke gangarowa ƙasa, sai ka ce ba ni nake ɗaga ta daga gado kullum ba. Ta ce in muka dawo farkon wata mai zuwa ba ta ciko ba, za a zura mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata abinci. Na ce to.

Yaya, yayar Malama, tana riƙe da keken da ake tura ta a ciki. Ta ce in dai aka kai ga roba, gidanta za ta wuce da ita, wannan ba aikin namiji ba ne. Nan ma na ce to.

A hanyar dawowa na tsaya na sayi batirin rimot. Na ciki bai mutu ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye, kalma ɗaya ta rage mata, ita ce "to". Matar da ta yi shekara talatin da wani abu tana koyar da 'yan firamare, wadda in ta kira sunan yaro daga bakin aji sai na ajin gaba ma ya gyara zama. Yanzu in tana jin ƙishirwa, to. In na taka mata ƙafa, to.

An hana ta gishiri kwata-kwata. Yaya na aiko da abinci a kula, na ɗanɗana yau, kamar mutum na tauna soson katifa. Malama ta karɓi cokali biyu ta rufe baki. Idan abu ya bushe mata a baki sai tari ya sarƙe ta, in yi ta bubbuga mata baya.

Nas ɗin da ke kula da abincin marasa lafiya ta ce a riƙa matsa lemun tsami a madadin gishiri, yana tayar da harshe. Tana faɗa na tuna da kuɓewar Malama. Tun da muka yi aure take yin ta, sau biyu ko uku a mako, a ɗan farantin nan mai bakin shuɗi, a gefen shinkafa ko dankali. Soyayya, a bushe, ba yauƙi ko kaɗan, ga lemun tsami ga ƙanshin ɓawon lemun zaƙi. Abin da mutum ya yi ta dafawa shekara da shekaru ai shi ne abin da yake so. In akwai abin da zai buɗe mata baki, wannan ne.

Matsalar ɗaya ce. Ni mai gyaran firiji ne. Zan kwance maka kwamfureso in mayar ido rufe, amma ban taɓa dafa abin da ya wuce ruwan shayi ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ban buɗe shago ba. Ba ta ci ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je wurin mai kayan lambu na bakin layi. Ya tambayi jikin Malama, na ce da sauƙi. Kowa haka nake ce masa. Ya ce ita ba ta sayen kuɓewa sai ta karya tsinin ta ji ya yi ƙas, sai ya zaɓo min ƙanana da kansa, ya ƙara min lemo biyu.

Na yanka ta gutsi-gutsi sannan na wanke. Ashe ba a haka. Kafin in kai ga kasko ta riga ta zama abin da ba na son gani a duniya. Na zuba mai, na rufe, na buɗe na juya, sai ƙara ja take yi tana bin cokali. Ni da yauƙi ba mu taɓa shiri ba tun ina yaro.

Na ɗauko kaskon zan kai bola, dole sai na bi ta falo. Malama na kan kekenta, ta ɗaga hannun hagu tana ta "to, to, to". Na ce mata, "Na sani, Malama, sifili na ci. Ba sai kin sa jan biro ba."

Na kankare kaskon na jiƙa shi.

Litinin, 14 ga Oktoba

'Yarmu Auta ta kira daga inda take aiki. Ta yi kuka a waya, na jira ta gama. Na tambaye ta yadda uwarta ke yin kuɓewa, ta ce, "Baba, ina maganar Mama kana maganar kuɓewa?" Amma dai ta faɗa min abin da ta tuna. A wanke ta tun ba a yanka ba, a goge ta da tsumma ta bushe ƙarau. A cire kan a hankali kar a taɓa 'ya'yan. A tsaga ta a tsaye. Kasko ya yi zafi sosai, mai kaɗan, kar a rufe, kar a yi ta juyawa. Lemun tsami shi ke kashe yauƙi.

Ta ce, "Kai kana cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Ina ci ɗin ne, a tsaye a kicin, burodi ko ragowar abin da Malama ta bari. Ba zan iya cewa ga ɗanɗanonsa ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Ta ƙone ta gefe ɗaya amma ba ta yi yauƙi ba. Na zuba a farantin mai bakin shuɗi na ajiye mata kusa da dankalin da na murƙushe. Ta daɗe tana kallon farantin. Sai ta sa bayan hannun hagu ta turo shi ɓangarena, ta ƙwanƙwasa tebur sau biyu da yatsa.

Haka take ƙwanƙwasa wa yara tebur in sun kawo aikin banza. Na ɗauke.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na je gyaran firizar wani mai sayar da kifi. Na gama, na kunna, ta ɗauka. Sai na tsinci kaina tsaye na sa hannu ciki ina jira in ji sanyin, har mai kifin ya ce, "Malam, lafiya?" Yatsuna sun yi fari ban sani ba.

Gaskiyar magana ba na jin komai. Mutane na zuwa dubiya su fita suna share hawaye, ni ina tattara kofuna. Ina yi mata wanka, in shafa mata mai, in juya ta kar bayanta ya yi gyambo, duk yadda nake yi wa injin da aka kawo min. Ba na ƙyashi, ba na tausayi. Na ɗauka abin zai zo daga baya, har yanzu shiru.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Karo na huɗu ko na biyar. Ta turo. Ta ƙwanƙwasa.

Zoben hannunta ya fara zamewa, na cire na ajiye a cikin kofin da ke kan talabijin.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na gano inda nake kuskure. Wutar ce, ina jin tsoronta ina ragewa. Sannan tafarnuwa ba a farko ake sa ta ba, tana ɗaci. Na sayi ɗan abin gurza a kasuwa don ɓawon lemo, na dawo na tarar akwai irinsa har biyu a durowar Malama. Yanzu muna da uku.

Firijinmu ya cika da kuɓewa. Mai kayan lambu da ya hango ni yake fara zaɓa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yau ta fito daidai. Ba yabon kai ba. Koriya shar, gefenta ya yi ja-ja, da na matsa lemon kaskon ya yi ƙara, ƙanshin ya cika kicin yadda yake yi in na dawo daga shago a da. Na gurza ɓawon lemun zaƙi a kai. Ko ita ta yi iyakarta ke nan.

Na kai mata. Ta duba, ta ɗago ta dube ni, gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga. Na ce yau an dace. Sai ta turo min, ta ƙwanƙwasa tebur.

Na ce, "To sai ki tashi ki dafa da kanki."

Ban ɗaga murya ba. Da ma na ɗaga, da an ce fushi ne. Ta juya fuskarta ga bango. Na kwashe farantin na sa a firiji, na wanke kasko, na goge murhu har ƙasan ƙarfen. Ba ta ko karɓi cokali biyun ba yau.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ba ta kalle ni ba duk yini.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yaya ta zo da jaka. Ta ce gara a fara haɗa kayan tun yanzu, ba sai ranar ta zo ana guje-guje ba. Na nuna mata inda zannuwan suke. Ta ninke, ta jera, ta ajiye jakar bayan ƙofar falo. Malama na kallonmu ba ta ce ko to ɗin ba.

Da ta gama ta shiga kicin neman ruwan sanyi, sai na ji ta tana cewa, "Injiniya, zo nan. Gona ka buɗe a firiji?" Haka take kira na in za ta yi min tsiya, tun kafin a haifi Auta.

Na ce kuɓewar Malama nake koya, wadda take so. Na ɗauko farantin ranar Laraba na nuna mata, har da ɗan alfahari. Na ce na yi iya yina, kullum sai ta ture.

Yaya ta dubi farantin, ta dube ni. Ta ce, "Wa ya ce maka tana son wannan?"

Na ce shekara talatin tana dafawa.

"Tana dafawa, eh. Ka taɓa ganin ta ci?"

Na ajiye farantin.

Ta ja kujera ta zauna. Ta ce ƙanwarta tun tana ƙarama in dai kuɓewa ba ta ja har tana bin hannu ba, ba ta kallon ta. Wai satin farko da aka kai ta gidana ta dafa yadda ta saba, na leƙa tukunya na yamutsa fuska na ce ni ban iya cin yauƙi ba. Shi ke nan. Ta je ta yi ta tambaya har ta gano lemun tsami na kashe shi, ta ƙirƙiro wannan soyayyar. Yaya ta ce, "Me kake tsammani take zuwa yi gidana duk Asabar? Kallon kyawun fuskata? Tukunya guda nake kaɗa mata, ta zauna a ƙasa ta shanye, ta wanke baki ta dawo maka."

Na ce to me ya sa ita ba ta aiko da irinta a kula ba.

Ta ce, "Gidan da aka hana yauƙi shiga? Ita ta kafa min dokar da bakinta. Na ɗauka in na ɗauke ta na yi mata a can."

Ban tuna na taɓa faɗin wannan maganar ba. Na yi ta lalube a kaina, babu. Abin da na tuna shi ne farantin mai bakin shuɗi kullum a gefen damana yake, kusa da kofin ruwana.

Yaya na ɗaura mayafi ta ce, "Ba ture maka take yi ba, bawan Allah. Naka ne take miƙo maka."

Na raka ta bakin titi na tsayar mata da mota. Na dawo na zauna a kicin. Injin firijin na ɗan kaɗawa, ƙafarsa ɗaya ta gajarta, na ninke kwali na sa masa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na yi irin ta ranar farko, wadda na zubar, amma da gangan. Na yanka ƙanana-ƙanana, na zuba ruwa kaɗan, na rufe, na kaɗa da cokali har hannuna ya gaji. Sau biyu ina fita tsakar gida shan iska. Da na ɗanɗana ba ta da ɗanɗanon komai tunda ba gishiri, sai na matsa lemun tsami guda a tukunyar. Ina kallo yauƙin ya tsinke ya zama ruwa. Ni da na san aikin lemon, ni na sa da hannuna.

Na kai mata haka nan. Ba ta turo ba. Ta sha cokali uku ta tsaya, tana kallon kwanon kamar an kawo mata baƙo a rigar ɗan'uwa.

Na ce mata, "Maganar ranar Laraba, ki yi haƙuri." Ta ce to. Ban san wace to ce ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na tura kekenta har bakin kicin, na ce yau Malama za ta duba aikin da kanta. Ƙofar ta yi wa keken kaɗan, rabinta a ciki rabi a waje.

Da kuɓewar ta ja, na ɗauki lemo da wuƙa. Ta ce "to" da ƙarfi, irin ta bakin aji. Na tsaya. Ta miƙo hannun hagu, na ba ta lemon. Ta danne shi a cinya, ta sa farce ta karci bayansa, ta ɗago min shi saitin hanci.

Ɓawon kawai take nufi. Ruwan ne ke tsinka yauƙi, ɓawon ba ruwansa.

Na gurza na tsami, ta nuna na zaƙi, shi ma na gurza. Na ɗauko tafarnuwa ta ɗaga yatsa ɗaya. Na so in ƙara ruwa ta ƙwanƙwasa hannun keke, na ajiye. Na sha faɗa yau ba tare da kalma ta biyu ba.

Ta ci rabin kwano da dankali. Bai sarƙe ta ba ko sau ɗaya, abin zamewa yake da kansa. Ina riƙe da cokali ina kau da kai duk lokacin da zaren ya biyo, ita kuma ta lura, kafaɗarta na rawa. Ina jin dariya ce.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ta cinye. Ta nuna tukunya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Safe da yamma yanzu. Na fara murƙushe mata kifi a ciki, jiya kuma ƙwai. Auta ta kira na juya mata wayar ta ga uwarta na ci, ta sake yin kuka. Ta ce ita ma ba ta taɓa sani ba, ta ɗauka gidan Yaya hira uwarta take zuwa yi.

Na bar soya tawa tun ranar Asabar. Farantin mai bakin shuɗi na kife a kwando. Yau da na ajiye mata kwanonta ta dubi gefen damana inda babu komai, ta dube ni, ta ƙwanƙwasa wurin. Na ce na ƙoshi. Ta ƙi buɗe baki sai da na ɗauko burodi na zauna.

Jakar na nan bayan ƙofa. Kullum sai na yi tuntuɓe da ita.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Sikeli. Ba ta ragu ba, ta ma ɗan ɗaga kaɗan, abin da bai kai a faɗa ba. Likita ta ce a bar maganar roba tukuna, mu dawo wata mai zuwa. Ta tambayi me muka canza, Yaya ta riga ni, ta ce, "Injiniya ne ya koyi karatu." Na yi kamar ban ji ba.

Da muka dawo Yaya ta tsaya bakin ƙofa ta dubi jakar. Ta ce a bar ta nan, nauyi gare ta. Bayan ta tafi na zuge na mayar da zannuwan durowa. Ba don komai ba, za su yi warin jaka.

Da yamma na ɗora tukunya da kasko tare. Tata na kaɗa, tawa na soya. Na ajiye duka biyun a tsakiyar tebur. Ta jawo kwanonta. Sannan ta sa bayan hannu ta turo min farantin mai bakin shuɗi har ya taɓa kofin ruwana, ta ƙwanƙwasa sau biyu.

Na ja kujera na zauna. Akwai rabin lemo a kan tebur, ta ɗauka da hannun hagu ta miƙo shi saman farantina tana matsawa. Rabin ruwan a tebur ya zuba, 'ya'yan suka faɗa ciki. Na bar ta har ta gama.

Lemon ya yi yawa. Har cikin muƙamuƙi na ji shi, na runtse ido. Na cinye, na tashi na duba kasko ko da saura, babu.

Gobe in zan wuce wurin mai kayan lambu sai in ce ya ƙara. Zoben kuma zan gwada mata a yatsan hagu, in ya zauna.